Ƙuri'ar Bahago

"Kalle ni! Na ce ka kalli tsabar idona ka ce min wannan ba rubutunka ba ne!"

Muryar Kamus ta cika barandar Sashen Nazarin Asiya, har masinja ya leƙo daga ofishin Farfesa ya mayar da kansa. Yatsanta na kan allon sanarwa, a kan wata 'yar takarda mai faɗin tafin hannu, ɗaya daga cikin guda shida da aka kafe a jere.

Bahago bai kalli takardar ba. Ya san ta.

"Don Allah ki rage murya. Zo mu fita waje."

"Ba inda za ni! A nan ka yi, a nan za ka amsa!"

Gurbi ɗaya ne tak. Wata shida na horon aiki a wata ma'adanar tsofaffin takardu can gabashin Asiya, inda ake koya wa ɗalibi yadda zai buɗe wasiƙar da ta shekara ɗari uku ba tare da ta marmashe a hannunsa ba. Sau ɗaya a shekara ake ba sashen, 'yan ajin ƙarshe kaɗai ke nema. Bana mutum shida ne suka tsallake jarabawar fassara. Daga nan sai tsarin Farfesa, wanda ya ce shi ma haka malaminsa ya yi musu: kowane cikin shidan ya ɗauki burushi da tawada, ya rubuta sunan wanda yake ganin ya fi cancanta, ban da kansa, kuma kada ya sa hannu. Wanda ya fi yawan takardu shi ke tafiya. Sannan a kafe su a allo kowa ya gani.

Yarinyar nan da ke zama a kusurwar aji, wadda don rashin maganarta ake kira Shiru, ta samu uku. Kamus biyu. Bahago ɗaya.

Ba a sa hannu, gaskiya ne. Amma a harshen da suke karanta, kowa daga hagu yake jan layin kwance zuwa dama. Mutum ɗaya ne a duk sashen yake janyo shi daga dama, sai kan layin mai kauri ya faɗo a wancan gefen. Shekara huɗu Farfesa na faɗa, har ya gaji ya bar shi da hagunsa. Kamus kuwa ko cikin takardu dubu za ta tsamo wannan layin. Da shi aka rubuta mata wasiƙar farko, wadda har yau take naɗe a cikin kwalin katunan kalmominta, katunan da suka jawo mata wannan suna tun suna aji ɗaya.

Yau ga layin nan a cikin sunan Shiru.

"Nawa ne," in ji shi.

Ta yi tsammanin zai musa. Ta ma shirya abin da za ta ce in ya musa. Da ya amsa sai ta rasa ta inda za ta kama.

"Naka ne... Haka kawai? Naka ne?"

"Me kike so in ce? Tambayata kika yi."

"Da sunana ka rubuta, da ni ke da uku ita biyu! Lissafin da ɗan aji biyu na firamare zai yi! Ƙuri'a ɗaya, Bahago! Taka!"

"Na sani."

"Ka sani! Wa ya ce min, 'Ki je, zuciyata, biki ba ya gudu, zan jira'? Wa ya raka ni aka ɗauke ni hoton fasfo? Aljani ne?"

"Ni ne. Kuma har yanzu..."

"Yi min shiru! Ni sunan wa na rubuta? Kalli can! Wannan ɗayar da kake da ita, daga sama ta faɗo? Ni na rubuta sunanka! Ni wawiya, mai ɗaukar so da gaske!"

A nan ne ya ɗago ya dube ta. Wani irin kallo ne, ba na wanda aka kama ba.

'Yan aji sun yi cirko-cirko a bakin ɗakin lacca, kowa na yi kamar yana duba wayarsa. Saura wata uku bikin waɗannan biyun, kuma kusan duk wanda ke wurin ya riga ya karɓi katin gayyata.

Ta ja dogon tsaki, ta saɓa jakarta, ta sauka matakala tana buga ƙafa kamar matakalar ce ta yi mata laifi.

*

Tun daga ƙofa ta jiyo ƙarar keken ɗinki. Mama na zaune a falo, yadin rigar amarya ya malala daga cinyarta har ƙasa, allurai uku a bakinta.

"Auta, lafiya? Wannan fuska fa?"

"Ban samu ba."

Keken ya tsaya. Mama ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ki samu ba? Tafiyar?"

"Da ƙuri'a ɗaya. Kuma shi ne ya ba wata."

Ta faɗa ne tana jiran uwarta ta buɗe mata hannu ta faɗa ciki ta yi kukan da take riƙewa tun daga makaranta. Sai ta ga Mama ta ɗaga hannuwanta sama.

"Alhamdulillahi! Kai, yaron nan ɗan albarka ne! Ashe ya ji maganata!"

Kamus ta saki jakarta a ƙasa.

"Wace magana?"

Mama ta gane ta yi suɓutar baki, amma ba macen da ke ja da baya ba ce.

"To, na kira shi, sai me? Na ce masa in yana sonki kada ya bari ki tafi. Laifi na yi? Yarinya ana saura wata uku bikinta ta haye jirgi ta tafi inda ko sunan garin ban iya faɗa ba? Na ɗinka riga, na gaya wa dangi, sai in koma in ce musu me? Amarya ta tafi karanta wasiƙun matattu?"

"Mama! Shekara huɗu nake wannan wahala!"

"Ni shekara ashirin da uku nake taki!"

"Kun haɗa baki da shi kuka yanke min ƙafa, ina zaune ina yi muku dariya!"

"Ke! Ni kike ɗaga wa murya?"

"Wa ya haɗa baki da wa?"

Baba ne, tsaye a ƙofar da ta haɗa falo da shagonsa, gilashin duba agogo maƙale a idonsa ɗaya. Mai gyaran agogo ne, bai wuce firamare ba. Shekara talatin yana buɗe kwalayen agogo yana samun 'yan takardu masu wani rubutu kamar sawun tsuntsu, ba ya iya karantawa, kuma ba ya iya zubarwa. A gwangwani yake tara su. Ranar da Auta tana 'yar shekara bakwai ta ce, "Baba, in na girma ni zan karanta maka," dariya ya yi. Ranar da ta zo da takardar shiga jami'a bai yi dariya ba, shago ya shiga ya rufe ƙofa. Duk katunan nan nata, shi ya yanka su da almakashi daga kwalayen agogo.

Ta gaya masa komai.

Baba ya cire gilashin. Bai dubi Mama ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

"Zo nan," ya ce wa 'yarsa.

A shago agoguna ashirin da wani abu ke bugawa, kowane da nasa lokaci. Ya zauna a kujerarsa, ya daɗe yana juya hantsaki a hannu.

"Mutumin da zai yi miki murmushi da safe ya soke ki da rana, ba na ba shi 'yata. Ko da uwarki ce ta sa shi. Namiji ne, da bakinsa, da sai ya zo ya faɗa miki a fuska." Ya numfasa. "Ke sunan wa kika rubuta?"

"Nasa."

"To kin gani! Ke kin yi halin 'ya'yan kirki. Kin ɗauki abin da kika fi so a duniya kin miƙa masa, shi kuma ya... Allah ya yi miki albarka, Auta. Ba ki ba ni kunya ba."

Wani abu ya motsa a cikinta, ƙarami, mai sanyi, kamar an ɗiga mata ruwa a ƙeya. Ta yi sauri ta danne shi da fushi, don fushin ya fi daɗin riƙewa.

Ta zare zoben daga yatsanta ta jefa cikin farantin da Baba ke zuba ƙananan kusoshi. Ya yi ƙara, ya juya, ya kwanta.

"Gobe da la'asar ya zo nan," in ji Baba. "A hannunsa zan sa shi, sannan in je wurin mahaifinsa da kaina."

*

Washegari laccar ƙarfe tara ta Farfesa ce. Shekara huɗu kujera ɗaya take zama, layi na biyu, a daman Bahago, don kada gwiwar hannunsa ta hagu ta riƙa bugunta in yana rubutu. Yau ta wuce can baya kusa da taga. Kujerar ta zauna babu kowa, duk aji suna satar kallonta.

Farfesa ya shigo da takardu biyu.

"Wasiƙar da kuka fassara a jarabawa," ya ce, "matar wani ɗan kasuwa ce ta rubuta wa mijinta da ya shekara biyu a teku. Zan karanta muku fassara biyu. Ba zan faɗi masu su ba."

Ya karanta ta farko. Kamus ta san kowace kalma, tata ce. Babu kuskure ko ɗaya, ta kwana uku tana tace ta. Matar ta ba da labarin ruwan sama, da rufin ɗaki, da ciwon ƙafar surukarta. Aji ya gyaɗa kai.

Ya ɗauki ta biyu. Ruwan saman nan ne, rufin nan ne, ƙafar nan ce. Amma tun layi na uku aka daina motsi a kujeru. Mace ce ke magana, mai rai, wadda ta gaji, wadda ta hau rufi da kanta cikin ruwa ta toshe yoyo, take kuma gaya wa mijinta cikin ladabin da ya fi zagi zafi. Da Farfesa ya kai ƙarshe, wata a gaba ta share ido.

"Ta farko ta san harshen," in ji shi. "Ta biyu ta san matar. Mu ci gaba."

Kamus ba ta ji sauran laccar ba. Kunnuwanta zafi suke yi.

Da aka tashi ta tsaya har aji ya watse. Bahago ma ya tsaya. Ya rage su biyu da fankar da ke kuka a sama.

"Baba na nemanka da la'asar. Zobenka na wurinsa."

Ya runtse ido, ya buɗe.

"Har ta kai nan?"

"Ai kai ka kai ta. Kai da Mama. Ta gaya min komai, ɗan albarka!"

"Me ta gaya miki?"

"Cewa ta roƙe ka kada ka bari in tafi, kai kuma ka bi umarni!"

"Ta roƙe ni, gaskiya ne. Na ce mata, 'Mama, ki yi haƙuri, wannan ba zan iya yi miki alkawari ba.' Ki je ki tambaye ta. Wallahi ba don ita na yi ba."

"To don me? Tsoro kake in je in ga duniya in raina ka?"

"A'a."

"Son yarinyar nan kake?"

"Haba, zuciyata..."

"Kada ka ƙara kirana haka! Don me?"

"Don ta fi ki!"

Fanka ta ci gaba da kuka.

"A wannan aikin ta fi ki. Kin ji da kunnenki yanzu. Ni tun a ɗakin karatu na ga fassarar Shiru, ran nan da muka yi musanyar takardu. Na zauna da burushin nan a hannu har tawada ta bushe na sake tsomawa. Sau biyu na fara sunanki. Amma ba a tambaye ni wa nake so ba. An tambaye ni wa ya fi cancanta."

Abin mamaki, da ya ce Mama ce ta sa shi, da ta samu inda za ta ajiye abin. Da ya ce kishi ne, ko tsoron rabuwa, da wata rana ta yafe, har ta riƙa tsokanarsa da shi a gaban 'ya'yansu. Wannan kuwa ba ta san inda ake ajiye shi ba.

"Kai ne alƙali ke nan! Ni na rufe ido na zaɓe ka don so, kai kuma ka ɗauko ma'auni!"

"Kada ki sake faɗin wannan."

"Zan faɗa! Na zaɓe ka don..."

"Kin zaɓe ni don kin san ba zan ci ba!"

Bai taɓa yi mata tsawa ba sai yau. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ni ne na shida cikin shida, kowa ya sani, da ƙyar na tsallake. Ke da kanki kike gyara min aikin gida kina dariya. Kin san tsakaninki da Shiru ne. Kin san in kin ba ta, kin ƙara mata. Sai kika nemi rami marar zurfi kika jefa ƙuri'arki, kuma ramin nan ni ne! Jiya da na ga sunana a allo da rubutunki, kin san yadda na ji? Kamar an shafa min kai an ce, 'Kai ba abin tsoro ba ne.' Sannan kika tsaya a gaban mutane kina kiran wannan so!"

"Ƙarya kake!"

"To. Je ki dubi allo. Ki ga su wa suka ba ki biyun nan."

Ya ɗauki littafinsa ya fita.

Ta daɗe a tsaye. Ta rantse a ranta ba za ta duba ba. Amma hanyar matakala ta gaban allon ta bi.

Jiya takarda ɗaya ta gani, fushi ya rufe mata sauran. Yau ta dubi nata biyun. Ɗaya rubutun wani ne mai garaje. Ɗayar kuwa ƙanana ne, a tsuke, a can gefen takarda kamar suna neman gafarar cin wuri. Duk sashen mutum ɗaya ke rubutu haka.

Shiru ce ta rubuta sunanta.

Yarinyar da ta san sarai cewa Kamus kaɗai ce za ta iya ƙwace mata gurbin, ita ce ta ɗauki burushi ta ƙara mata.

"Ina... ina son in ce miki sannu."

Ta juya. Shiru ce a bayanta, rungume da littattafai.

"Me ya sa kika rubuta ni?" Kamus ta tambaya, muryarta a bushe.

Shiru ta yi kamar ba ta gane tambayar ba.

"Ai ke ce kika fi kowa sanin kalmomi. Wa zan rubuta?"

Kamus ta ji kamar ta kwaɗa mata mari. Ba ta taɓa jin haushin mutum irin haka ba, kuma ba ta taɓa sanin wanda bai cancanci haushinta ba kamar wannan. Ta wuce ta sauka matakala.

*

Da la'asar Bahago ya zo, cikin farar rigar da ya saka ranar da ya fara zuwa gaishe da Baba. Ya durƙusa a bakin shago. Baba bai ce ya tashi ba. Mama na tsaye a ƙofar falo, tef ɗin awo rataye a wuya. Kamus na jingine da bango a ƙarƙashin agoguna, ta harɗe hannu.

"Kai, yaro," in ji Baba. "Na ɗauke ka ɗa. A nan kake zama kana riƙe min fitila. Ashe kallon kitse nake yi wa..." Ya katse, ya girgiza kai. "Bar shi. Kai ka rubuta sunan wata?"

"Ni ne, Baba."

"Uwarta ce ta sa ka?"

"A'a, Baba."

"Kai, ɗan nan!" in ji Mama. "Ka ce ni ce mana, a huta!"

"Ba ke ba ce, Mama. Ki yi haƙuri."

Baba ya buga tebur, kusoshi suka yi tsalle a faranti.

"To ka ma fi muni! Yarinyar nan ta ɗauki ƙuri'arta guda, abin da ta shekara huɗu tana nema, ta ba ka saboda ƙauna. Ba ta yi lissafi ba, ba ta duba ribarta ba. Kai ko kunya ba ka ji ba? Ka dube ta! Ka kai ƙurar takalminta?"

Kamus ta zuba wa Bahago ido. Yanzu zai faɗa. 'Yan kalmomi kaɗan sun ishe shi, waɗanda ya jefe ta da su da safe.

"Ban kai ba, Baba," ya ce, kansa a ƙasa.

Mutumin da ya ƙi yi mata ƙarya a takardar da ba a sa hannu, ga shi ya yi shiru ana yanka shi, don kada ubanta ya san wace ce ita. Wannan ya ƙara tunzura ta. Wa ya ba shi izinin ya fi ta har sau biyu?

Baba ya sa hantsaki ya ɗauko zoben daga cikin kusoshi.

"Miƙo hannunka."

"Baba, tsaya."

"Auta, ba ruwanki, kin gama naki."

"Ban gama ba. Ba don so na rubuta sunansa ba."

Agoguna suka ci gaba da bugawa, kowane da nasa.

"Na san ba zai ci ba. Shi ya sa. Na san yarinyar nan ta fi ni, tun kafin jarabawa na sani, ban so in ƙara mata ba. Sai na ɓoye ƙuri'ata a bayansa." Hawaye suka ɓalle mata, ta share da ƙarfi kamar tana jin haushinsu. "Albarkar da ka sa min jiya, Baba... ba tawa ba ce. Na karɓa ne kawai na yi shiru."

Baba ya daɗe yana kallonta. A idonsa ta ga gwangwanin nan na takardu, da almakashi, da shekara talatin. Wannan kallon ya fi rasa gurbin ciwo, kuma ta tsaya ta karɓe shi.

"Ita yarinyar," ya ce a hankali, "da gaske ta fi ki?"

"Ta fi ni."

"Hm."

Ya juya ga wanda ke durƙushe.

"Kai kuma ka sani, ka bar ni ina ta zuba kamar rediyo?"

"Ba nawa ba ne in faɗa, Baba."

"Tashi, don Allah, gwiwarka za ta huda min siminti."

Mama ta share ido da bakin tef.

"To ni yanzu in ci gaba da ɗinkin ko in warware?"

Baba ya ɗaga hantsakin, zoben na lilo a bakinsa tsakanin su biyun.

"Hannuna ya gaji. Wa zan ba?"

Kamus ta matso. Ba zoben ta kalla ba, Bahago ta kalla, idanunta jajur.

"Ban huce ba. Kada ka ga na yi kuka ka ɗauka na huce."

"Na sani."

"Da ka gaya min kafin ka rubuta. Da bakinka. Ba in tsinta a allo kamar baƙuwa ba."

"Wannan na yi laifi. Tsoro na ji."

"Matsoraci!"

"Na amsa."

"Kuma fassarar nan tawa, gobe za ka zauna da jan biro ka nuna min duk inda na kashe matar nan. Layi-layi. In ka ji tausayina ko sau ɗaya, wallahi da kaina zan dawo da zoben nan cikin kusoshi."

"Zuciyata, rubutuna fa kin san yadda yake..."

"Na sani. Ko cikin dubu zan gane shi."

Ta miƙa hannu, ba ta daina hararar sa ba. Baba ya saki zoben a tafin Bahago. Ya karɓa da dama, sai ya tsaya, ya mayar da shi hagu, don da wannan hannun kaɗai yake iya yin abu ba tare da ya faɗi ba.

A falo, keken ɗinki ya tashi.